Shaidar Mai Agogo

Shagon Mai Agogo yana maƙale ne tsakanin kantin magani da shagon masu ɗaukar hoto, kuma in mutum biyu suka shiga tare, dole ɗaya ya karkace. Agogunan bango sun rufe garun ciki kaf, kowanne da nasa lokacin, domin masu su sun kawo gyara sun manta hanya. Shi kuwa yana can bayan teburin katako, ɗan gilashin nan na ido ɗaya maƙale a idonsa na dama, ya duƙa yana tsintar kusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Gajere ne, mai tsafta, mai saurin hawa, amma duk layin an san shi da gaskiya. In agogonka ya yi mutuwar da ba tashi, a gaban idonka zai faɗa maka, ba zai karɓa ya riƙa ja maka rai da gobe da jibi ba.

A saman teburin akwai 'yar kanta. Komai na shagon a cushe yake, amma gefe ɗaya na kantar nan fayau, kuma kullum da safe sai ya bi wurin da tsumma. Matarsa ta taɓa ɗora robar abincinsa a nan, ya sauke ta da sauri kamar ta ɗora masa garwashi. Wurin kofi ne ya tanada. Kofin kuwa yana gidan ƙanensa.

Ƙanen nan shi ake kira Dogo, direban babbar mota. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma in ka gan su tare ba za ka ce ba. Dogo irin mutanen nan ne da ba sa neman a so su, a kuma so su ɗin. Yana shiga wuri za a fara dariya tun bai buɗe baki ba. Mahaifinsu ma'aikacin gandun daji ne, wanda kan taɓa gyaran agogo in ya sami sarari. Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira su biyu ya raba musu abin da ya fi so a duniya. Ya tura wa Mai Agogo akwatin kayan gyara, ya ce, "Kai kana da haƙurin zama." Ya miƙa wa Dogo madubinsa na hangen nesa, baƙi mai nauyi, mai igiyar fata, ya ce, "Wannan kuma yana da ido."

Akwatin nan shi ya ciyar da Mai Agogo, da shi ya yi aure, da shi ya sa yara makaranta. Amma ka san zuciyar ɗan Adam. Rabin maganar na biyu kaɗai ya riƙe, ya yi ta juya shi a ransa har furfura ta fito masa.

Abin haushin ma, kallon tsuntsaye nasa ne, shi ya fara. Wani baƙo ne ya kawo agogo ya manta littafin tsuntsaye a kan benci, bai kuma dawo ba. Mai Agogo ya buɗe don rage zaman banza, sai abin ya shige shi. Ya haddace littafin nan kamar zai yi jarrabawa. Ya san mai layi a fukafuki da marar layi, ya san yadda ake raba mace da namiji, ya san wanda ke cin ƙwari da wanda ke cin iri tun daga fasalin baki. A hankali ya sami abokan sha'awa: Nas, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti mai magana ɗaya, da mijinta Tela, wanda ba ya iya yini bai tsokani wani ba. Suka yanke cewa duk bazara, in sanyi ya ja baya itatuwa suka fara toho, lokacin da baƙin tsuntsaye ke ratsowa za su koma inda suka fito, za su tafi bakin wani tafki can cikin daji su kafa tanti na 'yan kwanaki. Mota ce kawai ba su da ita. Shi ya sa Mai Agogo ya gayyato Dogo, don ya tuƙa su, ba don komai ba.

Har yau yana cizon yatsa a kan gayyatar nan. Tun ranar farko, ba a gama sauke kaya ba, Dogo ya rataya madubin Baba ya ce, "Yaya, wane ne wancan mai tukku a ka?"

"Ina?"

"Ga shi can, kan busasshen reshe. Ga ma ta biyu ta sauka."

Kafin Mai Agogo ya goge tabarau, ya ɗaga ɗan madubinsa na gwanjo, ya murɗa ya daidaita, reshe kaɗai ya rage yana rawa. Sai ya ce, "Alhudahuda ne mana," yana haɗe rai. Nas da Tela kuwa su haɗa baki, "Kai, Dogo, ido!" Ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa cewa, kai, Mai Agogo, sani. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Dogo ya gani, Yaya ya raɗa suna, yabo ya tafi wurin Dogo.

Tela ne ya ƙirƙiro maganar kofi, da wasa. Wani tsohon kofin silba ne mai lotsattsen gefe, wanda in ka tsince shi a hanya ba za ka duƙa ba. Ya ɗaga shi ya ce daga yau sunansa Kofin Gwani: duk wanda ya ga tsuntsun da ya fi wuyar gani a tafiyar, da shi zai sha shayin ranar ƙarshe, ya tafi da shi gida sai baɗi. Kowa ya yi dariya. Mai Agogo ma ya yi, amma tasa iyakarta haƙori.

Da Dogo ya jera shekaru yana kwashe kofin, sai Mai Agogo ya zo da doka, wai don a tsare gaskiya. Ba a karɓar tsuntsu sai da shaida, wato wanda kuka fita tare ya ce shi ma ya gani. A ba da shaida kafin abincin yamma, da an wanke kwanuka magana ta rufu, ba ƙari ba ragi. Abin da mai shaida ya faɗa kuma ba a yi masa gardama. Nas ta ce doka ta yi kyau, ita za ta tsare ta. To bibbiyu ake fita, Nas da mijinta, wa da ƙanensa. Shi a lissafinsa, rabin abin da Dogo ke cewa ya gani cika baki ne, doka za ta tona shi.

Ina! Dokar shi ta kama. Dogo ba ya ƙarya, Mai Agogo kuma ba ya iya ta. Sai ya zama duk shekara shi ne mai miƙewa a gaban wuta ya ce, "Na gani, na shaida," shaidar bakinsa ta miƙa wa ƙanensa kofi. Wani zuwa da ya yi gidan Dogo gaishe da marar lafiya, ya hango kofin a cikin buhun shinkafa, matar Dogo ta mayar da shi mudu. Ranar ko abinci bai iya ci ba. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, wai kofin nan na zinariya ne? Ga su can a kasuwa an zuba." Ya ce ta bar maganar da ba ta sani ba. Ƙyashi ne tsagwaronsa, ya kuma san ƙyashi ne, sanin bai rage masa komai ba.

Abu ɗaya ya rage masa da yake jin nasa ne shi kaɗai. Akwai wani ɗan tsuntsu a littafin, ruwan ƙasa, mai farin layi a saman ido, wuyansa shuɗi. Sunan da littafin ya ba shi ba ya kama bakin kowa, don haka suka sa masa Shuɗin Wuya. Ba mazaunin wurin ba ne, ratsowa kawai yake yi a bazara, ya laɓe a gindin ciyayin bakin ruwa, ya wuce ba sallama. Cikinsu ba wanda ya taɓa ganinsa. Mai Agogo ya sa masu hoto sun fitar masa da shafin, ya manna a jikin garu daidai inda idonsa ke sauka in ya ɗago daga aiki. Ya san inda tsuntsun ke tsayawa, ya san yadda yake ɗaga wutsiya, ya san lokacin fitowarsa. Ya sha gaya wa kansa cewa Dogo ya kwashe duk tsuntsayen duniya, ya bar masa wannan.

A shekarar da ake magana, Dogo ya ajiye tuƙi, ya ce baya ke damunsa. Sai kuma ya tsiro da zirga-zirga zuwa shagon da madubin Baba.

"Yaya, duba mini shi. Hayaƙi-hayaƙi nake gani a ciki."

Mai Agogo ya kwance madubin, ya goge gilasan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya leƙa titi da shi. Tar, har rubutun jikin motar da ke can ƙarshen layi ya karanta. Bayan 'yan makonni Dogo ya sake dawowa da magana iri ɗaya. Mai Agogo ya cika ya yi fam. A ransa ya ce, ai na gane, kawo shi kake yi in riƙa taɓawa ina mayar maka, don kada in manta wa aka ba. Ya tura masa a kan tebur ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ka riƙa wanke fuska da safe."

Dogo ya yi 'yar dariya, ya ce, "To, Yaya," ya lalubi igiyar ya rataya.

Ranar tafiya mota suka aro, Tela ne ya tuƙa, Dogo ya zauna a baya tsakanin tanti da galan ɗin ruwa. Dajin ya yi kyau a shekarar, an sami yayyafi, sabon ganye ya fito, ƙasa tana ƙamshi. Tsattsewa sun cika saman tafkin suna shawagi, zalɓe na tsaye a ruwa da ƙafa ɗaya, kurciyoyi kuwa ba su bar kowa ya ji maganar kowa ba. Da, kafin a daki turke na farko Dogo ya nuna tsuntsu goma. Wannan karon ko ɗaya bai nuna ba. Ya yi tuntuɓe da igiyar tanti har sau biyu, Tela yana masa tsiya wai ƙafafun sun yi masa yawa. Da ya zo zuba wa Yayansa shayi daga filas, rabi ya tafi ƙasa. Nas ta tsaya ta kalle shi, ta kalle shi. Mai Agogo kuwa fassararsa daban: mutum ya ƙoshi da kofi, yanzu yanga yake yi musu, wai shi ya wuce nuna ƙananan tsuntsaye.

Washegari da sassafe wa da ƙane suka nufi gefen tafkin da ciyayi suka yi tsawo. Raɓa ta jiƙe musu wando har gwiwa. Suka sami wani kututture suka zauna, kowa ya yi tsit. Rana ta fara ɗagowa. Dogo ya daɗe da madubi a ido, yana bin bakin ruwan a hankali, a hankali, irin bin da bai saba yi ba. Can sai ya tsaya cak.

"Yaya," ya ce da raɗa. "Kada ka motsa. Ƙasa-ƙasa, gindin ciyawa, inda taɓo ya yi baƙi. Akwai wani abu shuɗi."

Mai Agogo ya ɗaga nasa madubin, ya murɗa. Ga shi kuwa. Ɗan mitsitsi, ruwan ƙasa, farin layi a saman ido, wuyan nan kamar an tsoma shi a ruwan bula. Ya yi taku biyu a kan taɓo, ya ɗaga wutsiya, ja-jan gindinta ya bayyana. Komai daidai da hoton jikin garu, har ya fi. Mai Agogo ya ji daɗi ya taso masa har maƙogwaro, kafin ya haɗiye, ɗaci ya biyo baya ya danne shi. Shekarun da ya yi yana jira, safiyoyin da ya ɓata a cikin sauro, ga shi Dogo ya riga shi, Dogon da ko sunan abin bai kawo a ransa ba, cewa ya yi wani abu shuɗi. Yau da yamma kuma shi zai miƙe a gaban wuta ya shaida. Kofi ya koma buhun shinkafa.

"Yaya, ka gan shi?" Muryar Dogo tana rawa. "Shuɗi ne, ko? Faɗa mini."

Mai Agogo ya ɗauka rawar murna ce, ita ce ma ta ƙarasa shi. Idonsa na kan tsuntsun, yana kallon yadda yake tsintar ƙwaro, ya ce, "Ban ga komai ba."

"Duba da kyau, Yaya. Dama da busasshen kara. Har yanzu ina ganinsa."

"Na duba. Taɓo ne kawai a wurin."

Ya shirya wa gardama. Ya zaci Dogo zai kama masa kai ya juya, ya rantse, ya kira Tela da ihu. Ko ɗaya bai yi ba. Ya ƙara kallo na ɗan lokaci, sannan ya sauke madubin a kan cinyarsa, alhali tsuntsun na nan bai tashi ba. Ya murza idanunsa da bayan hannu ya ce, "To. Shi ke nan." Suka zauna har Shuɗin Wuya ya gama kiwonsa ya shige ciyawa.

Da yamma, shinkafa na kan risho, Nas ta yi tambayar da ta saba. Ita da Tela sun ga shaho ya ɗauki kifi, sun ga fakara da 'ya'yanta. "Ku fa?"

"Babu," in ji Dogo. "Yau ba mu yi sa'a ba."

Mai Agogo ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Sau da yawa maganar ta zo masa baki, yana tuna kofin sai ta koma. Aka ci, aka wanke kwanuka, Nas ta kife su a kan dutse. Magana ta rufu.

Kafin duhu ya shiga, Dogo ya zo ya tsuguna kusa da shi a bakin tanti, ya cire igiyar fatar daga wuyansa. "Riƙe, Yaya. Gobe kai za ka rataya. Ni wuyana ya gaji."

"Madubin Baba?"

"Ai kai ke kula da shi dama."

Da za a ce kunya ta hana shi karɓa, da an yi masa ƙarya. Hannu biyu ya sa. Fatar igiyar ta yi laushi, tana da ɗumin wuyan Dogo. Ya rataya, ya ji nauyin a ƙirjinsa, wani sanyi ya ratsa shi wanda rabonsa da irinsa tun yana yaro. Ya gaya wa kansa cewa ai ba wanda ya cutu, tsuntsu ɗaya ne cikin ɗaruruwa, Dogo ba zai ma tuna ba.

Da gari ya waye shi ya tashi Dogo, shi ya yi gaba, ya kai su kututturen jiya ba tare da ya ce don me ba. Ba su daɗe ba. Shuɗin Wuya ya fito daga wuri ɗaya, dama da busasshen kara, kuma ta madubin Baba har ƙwayar idonsa ana gani.

"Dogo! Dogo, ga shi! Shuɗin Wuya, wallahi shi ne! Ka gani?"

"Na gani, Yaya," in ji Dogo nan take. "Kai, ya yi kyau. Na shaida."

Mai Agogo ya sauke madubin ya juyo, baki har kunne, don su haɗa ido. Sai murmushin ya tsaya masa. Dogo yana gyaɗa kai yana fara'a, amma fuskarsa tana fuskantar hagu, can wajen buɗaɗɗen ruwa, inda ko ciyawa babu.

"Me kake kallo?"

"Tsuntsun mana."

"A ina yake?"

Dogo ya ɗaga yatsa, ya rasa inda zai kai shi, ya mayar. Sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kada ka gaya musu tukuna, Yaya. Ba baya ba ne ya raba ni da tuƙi. Hawan jinin ido ne. Likita ya ce ya riga ya cinye gefe da gefe, tsakiya ce ta rage, kamar mai leƙe ta bututu. Ya ce in abin ya yi nisa, wani kan ga launukan da babu su. Na yi ta ɗora wa madubi laifi, kai ma ka ce lafiyarsa ƙalau. Sai na ce bari in zo in gwada a gabanka, tunda kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba ko don in ji daɗi. In ka ga abin da na gani, to da saura. Jiya na ga shuɗi ƙiri-ƙiri, har yana tafiya, ka ce taɓo ne. To ka ga an zo wurin."

Mai Agogo ya fizge igiyar daga wuyansa har ta tafi da tabaransa, ya cusa wa Dogo madubin a hannu. "Duba! Dama da kara, wurin jiya, duba da kanka!" Ihun da ya yi ne ya kori tsuntsun. Ya tashi fir, ya bi saman ciyayi, bai sake sauka ba.

"Na gan shi jiya," in ji Mai Agogo. "Wallahi na gan shi. Shi ne wannan ɗin, a wuri ɗaya. Kai ka fara gani. Ƙarya na yi maka, Dogo, ƙyashi ne ya ci ni, kofi nake so. Idonka bai yi maka ƙarya ba, ni na yi."

Dogo ya saurara har ya gama. Sai ya yi murmushi, ya lalubo kafaɗarsa ya dafa. "Allah sarki, Yaya. Kai da ko agogon da ya mutu ba ka iya ce wa mai shi zai tashi. Yau saboda ni ka koyi ƙarya, ba ka ma iya ta ba." Ya mayar masa da madubin a cinya. "Na gode. Amma bar shi."

Rantsuwar da Mai Agogo bai yi ba a hanyar komawa ita ce wadda bai sani ba. Dogo yana gaba yana taka ƙasa a hankali, yana cewa to, to, irin yadda ake ce wa yaro. Suna isa, tun daga nesa, ya ɗaga murya, "Nas! Tela! A fito da kofi! Yaya ya ga Shuɗin Wuya, ni ne shaida!"

Tela ya yi tsalle ya jefar da hula. Mai Agogo ya ce a tsaya, ba haka ba ne, jiya Dogo ya fara gani, shi ya ƙi shaida, yau kuma Dogo bai ga komai ba. Maganar ta fito masa a hargitse. Tela ya fashe da dariya, wai murna ta juya wa Mai Agogo kai. Nas ba ta yi dariya ba. Ta dubi Dogo, Dogo ya ɗan girgiza mata kai.

"Maganar jiya ta rufu da kwanukan jiya," in ji ta. "Ta yau kuma mai shaida ya faɗa, ba a yi masa gardama. Ba ni na kafa dokar ba, Malam."

Dogo da kansa ya zuba shayin. Ya riƙe kofin da hannun hagu, ya sa yatsa a bakin kofin don ya ji inda ruwan ya kai, ko ɗigo bai zubar ba. Ya miƙa da hannu biyu. Mai Agogo ya karɓa ya sha, su uku suna tafa masa.

Yanzu kofin yana kan kanta, daidai wurin da aka tanadar masa. Matarsa ta ce to, Malam, an huta. Madubin Baba yana rataye a ƙusa kusa da shi. Hoton jikin garu ne kawai ya cire, ya bar tabon gam a wurin. Ba a sake raba kofin ba, domin da bazara ta zagayo Dogo ya ce shi ya gama da daji, Mai Agogo kuma ya ce ba shi da abokin fita.

Dogo yakan zo shagon da hantsi, da sanda a hannu, ya zauna a benci yana sauraron agogunan, wai ya fara gane su da murya ɗaya bayan ɗaya. Masu kantin magani suna leƙowa don su ji barkwancinsa. In shago ya yi shiru, Mai Agogo yakan cire gilashin daga idonsa, ya ajiye ɗan hantsaki, ya juyo.

"Dogo."

"Na'am, Yaya."

"Ran nan a bakin tafki, na gan shi fa. Kai ka fara gani."

Dogo ya juyo da fuskarsa wajen muryar, ya ɗan kauce kaɗan zuwa hagu, ya yi murmushi.

"Na gode, Yaya," in ji shi. "Allah ya bar zumunci."